Ƙatuwar Gaggafa Mai Hankali a Wasan Dungeons & Dragons

Yau allonmu ya leƙa wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, mai suna Dungeons & Dragons. Wasa ne na zama a kewaye tebur. Kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, mutum ɗaya kuma ya zama jagora, shi ke ba da labari kamar mai tatsuniya. Idan jarumi zai yi abu mai haɗari, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ta yanke hukunci.

Cikin halittun wasan akwai ƙatuwar gaggafa. A wani bugu na dokokin, tsayinta ya kai ƙafa 10, in ta buɗe fukafukai kuma su kai ƙafa 20, wato kusan mita 6. Don ku gane girman, gaggafar Haast da ta taɓa rayuwa a New Zealand, wadda ke cikin mafiya girma da aka sani, fukafukanta ba su wuce kimanin mita 3 ba.

Amma ba girman ne abin lura ba, hankalinta ne. A littafin halittun wasan na 2014, makin basirar gaggafa ta gama-gari 2 ne, na talakan mutum 10, ita kuwa wannan tana da 8. Tana da harshenta, tana jin maganar mutane ko da yake ba ta iya furta ta, kuma an lasafta ta cikin masu halin kirki. Ku gwada ta da tsuntsun Rukh, wanda ya ɗauki Sindbad a Dare Dubu da Ɗaya. Shi ma yana cikin wasan, ya ninka ta girma nesa ba kusa ba, amma basirarsa 3 ce kacal. Rukh sai dai a guje masa, gaggafa kuwa ana iya neman alfarma a wurinta.

Wannan siffa ta yi kama da ta tsuntsayen littattafan J.R.R. Tolkien. A The Hobbit na 1937, su suka ceci Bilbo da abokansa daga kan bishiyoyi da wuta ta kewaye. A The Lord of the Rings, Gwaihir ya ɗauke Gandalf daga hasumiyar da aka tsare shi. Har yau masu karatu na gardama: me ya sa tsuntsayen ba su kai zoben dutsen wuta tun farko ba, kowa ya huta?

Matsalar da jagoran wasa ke fuskanta ke nan. Idan gaggafa ta zama jaki mai fukafukai, kogi da dutse da daji duk sun tashi a banza, labari ya mutu. Hankalinta ne maganin wannan. Tana da sheƙa da 'ya'yan da za ta kare, tana iya cewa a'a. Ɗan wasan da ya zo da igiya zai sha farce da baki. Wanda ya yi sallama, ya bayyana buƙatarsa, ko ya taɓa yi mata alheri, shi ake ɗauka a baya.

Tambayarmu ta wannan mako: da kai ne a gaban sheƙarta, me za ka ce ta yarda ta ɗauke ka? Ku miƙa amsoshinku ga 'yan ƙungiyarmu, za mu liƙa waɗanda suka fi a fitowa ta gaba.