Jinin Havasupai da Amanar Masu Bincike

A jihar Arizona ta ƙasar Amurka, can cikin kwazazzabon Grand Canyon, akwai wata ƙaramar al'umma ta 'yan asalin ƙasar mai suna Havasupai, waɗanda ciwon sukari ya addaba matuƙa. A shekarar 1990 malaman Jami'ar Jihar Arizona suka fara ɗibar jininsu, su kuwa suka miƙa hannu bisa fahimtar cewa musabbabin wannan cuta ake nema, alhali kuwa jini abu ne mai alfarma a wurinsu.

Sai a 2003 ta bayyana musu cewa an sarrafa jinin wajen binciken taɓin hankali, da auren zumunci, da kuma asalin nasabarsu, har aka buga cewa daga Asiya kakanninsu suka yi ƙaura, maganar da ta saɓa wa riwayar da suka gada kaka da kakanni cewa a kwazazzabon aka fare su. Malaman suka kafa hujja da wata takardar izini mai faɗin lafazi da wasu suka sa wa hannu. Al'ummar ta kai ƙara a 2004, aka yi sulhu a 2010 bisa diyyar dala 700,000 ga mutum 41, tare da mayar musu da sauran jinin.

Mas'alar da ke nan sananniya ce ga duk wanda ya karanta babin amana, domin abin da aka ba ka ajiya don wata manufa bai halatta ka juya shi zuwa wata ba sai da izinin mai shi, kuma sa hannun wanda bai fahimci abin da ke rubuce ba bai zama yarda ba. Bugu da ƙari, tun da hukuncin da aka ciro daga jinin mutum ɗaya kan faɗa wa danginsa duka, wajibi ne a nemi yardar jama'a ta bakin shugabanninta.

Saboda irin wannan ne al'ummar San ta Afirka ta Kudu ta fitar da nata ƙa'idojin a 2017, inda ta shardanta wa mai bincike gaskiya, da girmamawa, da adalci wajen raba amfani, kuma ta wajabta masa gabatar da manufarsa ga majalisarta tun kafin ya fara aiki.