Me ya sa ba a haɗiye insulin kamar ƙwayar magani?

Kusan kowane mako sai wani mai ciwon suga ya tsaya gaban kantata ya ce, "Hajiya, ba a yi wannan allurar a ƙwaya ba ne?" Wataƙila ku ma kuna da uwa ko miji da ya gaji da tsire kansa safe da yamma.

Amsar tana cikin yanayin maganin. Insulin furotin ne. Ku ɗauke shi kamar carbi mai ƙwaya 51, kowace ƙwaya sunanta amino asid. Aikin tumbi da hanji kuwa shi ne tsinka irin wannan carbi, yadda suke narkar da nama da wake. In kun haɗiye shi, ya zama abinci kafin ya isa jini.

An gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, kuma shekaru da dama daga jikin shanu da aladu ake samo shi. A 1982 aka amince da Humulin, wanda ƙwayoyin bakteriya ke ƙerawa bayan an saka musu tsarin halittar insulin na ɗan Adam. Insulin da ake sayarwa yau kusan duka ta hanyar bakteriya ko yis ake yin sa.

Daga nan masana suka fara gyara carbin da kansa. A insulin lispro na 1996, ƙwaya biyu kawai aka musanya wa wuri, sai ya riƙa fara aiki cikin kusan minti 15. Glargine na 2000 kuwa an gyara shi ya taru a ƙarƙashin fata yana narkewa sannu a hankali har kusan awa 24. Don haka kada ku maye gurbin wani da wani don kawai duk sunansu insulin.

Haka labarin semaglutide yake, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic. Hanjinmu na fitar da sinadarin GLP-1 bayan cin abinci, yana taimaka wa fitar insulin, yana kuma rage yunwa, amma cikin kamar minti biyu jiki ke lalata shi. Sai aka sauya ƙwayar da ake tsinka shi a kanta, aka liƙa masa wutsiyar kitse da ke maƙalewa jikin furotin na jini mai suna albumin. Shi ya sa allura ɗaya ke isa mako guda.

A 2019 aka fitar da shi a ƙwaya, Rybelsus, haɗe da wani sinadari da ke kare shi a tumbi. Duk da haka kusan kashi 1 cikin 100 ne ke shiga jini. Dole a sha shi da safe kafin a ci komai, da ruwa kaɗan, a jira minti 30.

Tunda furotin ne, zafi na ɓata shi kamar yadda yake dafa ƙwai. Ku ajiye wanda ba a buɗe ba a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ban da wajen ƙanƙara. In ya daskare, ku jefar. In an ɗauke wuta, ku rufe shi a roba mai murfi ku saka cikin randa mai sanyi, kada ku bar shi a mota ko bakin taga. Yawancin insulin da aka buɗe kwana 28 ne wa'adinsa, amma ku duba takardar da ke kwalin.

Abu na ƙarshe: a Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Birazil, Birtaniya da Amurka. Kada ku sayi allurar rage ƙiba a intanet ko wajen ƙawa. Ku je da takardar likita kantin magani mai rajista, ku duba lambar NAFDAC, ku kuma tambayi mai harhaɗa magani inda ya ajiye ta kafin ku biya.