Harajin GST a Indiya: Wa Zai Biya Bashin Wanda Ya Gudu?

Ranar 1 ga Yulin 2017 Indiya ta haɗe tarin harajin da gwamnatin tarayya da jihohi ke karɓa a kan kaya da ayyuka, ta mayar da su haraji guda da ake kira GST. 'Yan kasuwa sun yi maraba, domin kafin nan motar kaya kan ɓata sa'o'i a shingen kowace jiha kafin a bar ta ta wuce. Amma tun daga lokacin, da wuya shekara ta fita ba a ƙara ɗaure wata ƙa'ida ba. Mafi yawan wannan tsauri yana da hujja, kuma ina goyon bayansa. Akwai dai sashe ɗaya da nake ganin zalunci ne, wato inda dokar ke kama mai saye da laifin wanda ya sayar masa.

Sai an gane yadda harajin ke tafiya kafin a gane rigimar. A ce mai masaƙa a birnin Surat ya sayar wa mai ɗinki yadi na rupi 100,000, ya ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari, wato rupi 5,000. Mai ɗinki ya ɗinka riguna ya sayar a kan rupi 150,000, ya karɓi harajin rupi 7,500 daga masu saye. Ba zai kai wa gwamnati 7,500 ɗin duka ba. Zai cire 5,000 da ya riga ya biya mai masaƙa, ya miƙa 2,500 kawai. Wannan ragin shi ne ginshiƙin tsarin, domin shi ke hana haraji hawa kan haraji har kaya su gagari talaka. Shaidar ragin kuwa ita ce rasit, don haka a ƙarƙashin GST rasit ya zama tamkar kuɗi a hannu.

Duk abin da ya zama kuɗi kuwa sai an samu masu buga na jabu. Macuta kan karɓi katin shaidar wani talaka da sunan za su samo masa rance ko aiki, su yi wa kamfani rajista da sunansa, kamfanin da ba shi da shago ballantana kaya. Daga nan sai su riƙa sayar da rasit ga 'yan kasuwar da ke neman ragin harajin da ba su biya ba. Kafin hukuma ta farga an rufe kamfanin an buɗe wani. A binciken musamman da aka fara a watan Mayun 2023 a faɗin ƙasar, an gano dubban kamfanoni masu rajista waɗanda a takarda kawai suke. Duk wanda ya ce a bar abin yadda yake bai yi wa ɗan kasuwa mai gaskiya adalci ba, domin shi ne zai yi gogayya da wanda ke karya farashi da kuɗin sata.

Matakan da aka ɗauka sun zo ne daki-daki. Tun 2018 kayan da darajarsu ta haura rupi 50,000 ba sa hawa hanya sai da takardar izinin da aka ciro ta intanet. A watan Oktoban 2020 aka wajabta wa kamfanonin da cinikinsu na shekara ya wuce rupi biliyan 5 su riƙa shigar da kowane rasit na cinikinsu da sauran kamfanoni a shafin gwamnati, shafin ya ba shi lamba da tambarin da waya ke iya karantawa. Aka yi ta saukar da wannan iyaka, har ta kai rupi miliyan 50 a watan Agustan 2023. Daga Afrilun 2025, wanda cinikinsa ya kai miliyan 100 yana da kwana 30 kacal ya shigar da rasit, in ya wuce shafin ba zai karɓa ba. Mai neman sabuwar rajista da aka yi shakkarsa sai ya je da kansa an ɗauki hoton yatsunsa. Ban ga abin zargi a nan ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tambayar mutum ne a kan abin da ke hannunsa: kayansa, rasit ɗinsa, fuskarsa.

Matsalar tana sashe na 16 na dokar, wanda ya ce mai saye ba zai samu ragi ba sai harajin da ya biya ya isa asusun gwamnati. Daga Janairun 2022 kuma aka ƙara cewa dole rasit ɗin ya bayyana a jadawalin da kwamfuta ke haɗa wa mai saye kowane wata, jadawalin da ba ya cika sai mai sayarwa ya shigar da nasa bayanin. Mu koma wurin mai ɗinkinmu. Yadi ya iso shagonsa, ya ƙirga bandir-bandir, ya tura kuɗin ta banki har da harajin, rasit na gaske yana cikin fayil ɗinsa. Tsakiyar wata akawunsa ya buɗe jadawalin bai ga komai ba, saboda mai masaƙa ya makara, ko ya kuskure lamba ɗaya, ko ya cinye kuɗin. Mai ɗinki zai biya 7,500 cif, wato ya biya 5,000 sau biyu. Ko da rasit ɗin ya bayyana, in mai masaƙa bai cika takardar biyan harajinsa ba har ƙarshen Satumban da ke bin shekarar kuɗin, dole mai ɗinki ya mayar da ragin da ya ci, ya jira ranar da wancan zai biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare wannan tsari suna da maganganu biyu masu nauyi. Ta farko, sau da yawa mai saye da mai sayarwa bakinsu ɗaya ne, kuma in aka ce sai an tabbatar da haɗin baki kafin a hana ragi, macuta za su riƙa fakewa da cewa ba su sani ba. Ta biyu, gwamnati ba za ta mayar da kuɗin da bai shigo aljihunta ba. Gaskiya ne haɗin baki yana faruwa, amma dokar kamar yadda take ba ta bambanta wanda ya sayi takarda da wanda ya sayi kaya. Kayan bambancewar kuwa suna hannun hukuma: takardar izinin hanya, bayanan shingen karɓar kuɗin titi, shigar kuɗi a banki. Ita ce ta yi wa mai masaƙa rajista, ita ta san adireshinsa, ita ke da ikon rufe asusunsa. Mai ɗinki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babbar Kotun Kalkata ta faɗi kusan haka a 2023 a shari'ar kamfanin Suncraft Energy, inda ta ce hukuma ta fara bin mai sayarwa kafin ta juyo kan mai saye, sai dai in akwai haɗin baki ko mai sayarwar ya ɓace. Kotun Ƙoli ba ta taɓa hukuncin ba. Amma ɗan kasuwa nawa ne zai iya ɗaukar lauya har babbar kotu a kan rupi dubu biyar?

Wasu kan ce ai ƙananan 'yan kasuwa an ɗauke musu. A mafi yawan jihohi mai sayar da kaya da cinikinsa bai kai rupi miliyan 4 a shekara ba, ba dole ne ya yi rajista ba, kuma wanda bai wuce miliyan 15 ba yana iya zaɓar biyan ɗan kaso kaɗan na cinikinsa. Sai dai duk su biyun rasit ɗinsu ba ya ba mai saye ragi, don haka babban kamfani ba ya son sayen kayansu. Wanda ya yi cikakkiyar rajista kuma, manyan abokan cinikinsa kan riƙe kuɗin harajin har sai sun ga rasit a jadawali, jarinsa ya kwanta a hannun wanda ya fi shi ƙarfi. Abin da ya faru a Bengaluru a watan Yulin 2025 ya nuna inda tsoro ke kai mutane. Hukumar harajin jihar Karnataka ta bi bayanan biyan kuɗi ta waya, ta aika wa masu shayi da masu kayan miya takardun neman harajin shekarun baya. Da yawa suka cire tambarin biya ta waya daga shagunansu suka koma tsabar kuɗi, har sai da babban ministan jihar, Siddaramaiah, ya zauna da shugabanninsu ya sassauta.

Masu kare tsarin za su kuma nuna kuɗin shigar GST, wanda ya kai rupi tiriliyan 2.37 a watan Afrilun 2025, a ce tsaurin ne ya kawo. Yana da hannu, babu shakka, haka ma bunƙasar ciniki da tashin farashi. Amma wannan adadi ba ya nuna nawa ne aka ƙwato daga macuta, nawa ne aka karɓa sau biyu daga masu gaskiya. A watan Satumban 2025 an rage matakan harajin zuwa kashi 5 da kashi 18, da 40 a kan kayan alatu da masu cutarwa, amma ba a taɓa sashe na 16 ba.

Batun ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ta hau wannan hanya. A 2025 hukumar harajin tarayya ta fara tsarin rasit na intanet da manyan kamfanoni, kuma sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar ta faɗaɗa ragin harajin VAT zuwa ayyuka da injinan aiki. Kamar yadda aka yi a Indiya, tsarin zai sauko ne daga manya zuwa matsakaita. Kafin ya iso kasuwannin Kantin Kwari da Singa, ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nemi a rubuta a fili cewa wanda ya karɓi kaya, ya biya ta banki, ya riƙe rasit mai lambar hukuma, ya sauke nasa nauyin, sauran bashin kuma hukuma ta bi wanda ya karɓi kuɗin.