MATAR DA TA KOYI RAWA A WAJEN KUKA DA RIMI

Yau labarin wata mai tsara rawa na kawo muku, amma bari in fara da abin da ya ja ni gare shi.

Kwanakin baya aka yi bikin wata ƙanwata a nan unguwarmu Madabo. Saura mako guda kamu, sai ga ƙawayen amarya sun cika mana tsakar gida, an jingina waya a jikin turmi, suna kwaikwayon wata rawar Indiya. Wannan ta taka wannan, waccan ta juya hagu ana dama. Kakarmu Inna tana kan tabarma tana kallonsu, can ta ce, "Oh ni jikar mutum huɗu! 'Yan nan, cikinku babu wadda ta iya gaɗa ne?" Wallahi shiru ya ratsa gidan. Ni kaina da nake taƙama da rubuta littafi sai na sunkuyar da kai.

Da na ba wata ƙawata mai karatun Faransanci labari, sai ta nuna mini hoton wata dattijuwa mai aski tal, tana rawa ba takalmi a kan rairayi. Ta ce sunanta Germaine Acogny, ita ake wa laƙabi da uwar rawar zamani ta Afirka. Tun daga nan na shiga bin tarihinta.

An haife ta a 1944 a garin Allada na ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu. Tana ƙarama iyayenta suka koma Dakar ta Senegal. A 1962 ta tafi Paris karatun motsa jiki da rawa. A can ne, kamar yadda take ba da labari, malamarta ta kushe ƙirarta, wai tafin ƙafarta a shimfiɗe yake, ƙugunta ya yi girma, bai dace da rawar Turawa ba. Ke 'yar uwa, da ke ce ya za ki yi? Da yawanmu kuka za mu sa, ko mu shiga neman maganin rama. Ita kuwa sai ta ga ai ba jikinta ne da laifi ba, rawar ce ba a ɗinka ta daidai da ita ba. To me zai hana ta ɗinka tata?

Ta dawo gida, a 1968 ta buɗe ajinta na farko a Dakar. A 1977 shugaban ƙasa Senghor da wani gwanin tsara rawa Bafaranshe, Maurice Béjart, suka kafa makarantar Mudra Afrique, aka damƙa mata shugabanci. Ana cikin jin daɗi kuɗi suka yanke, makarantar ta rufe a 1982. Ta koma Turai ta yi shekaru tana koyarwa, amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A 1995 ta tattaro ta dawo Senegal tare da mijinta Helmut Vogt, suka kama aikin gina wata makarantar a ƙauyen masunta mai suna Toubab Dialaw, a bakin teku. Sai a 2004 aka yi bikin buɗe ta. Sunanta École des Sables, ma'ana Makarantar Rairayi, don kuwa ɗaya daga filayen rawar daɓensa rairayi ne zalla.

Salon nata fa? Nan ne abin ya burge ni. A wajenta ƙashin baya shi ne tushen komai, kamar gindin bishiya. Daga shi motsi yake tashi, ko ya yi lanƙwasa kamar igiyar ruwa, ko ya tsuke, ko ya yi karkarwa. Ƙafa tana kafe a ƙasa kamar saiwa, ƙirji a buɗe, tana kiransa rana. Motsin da ta tsara kuma ta raɗa musu sunayen abin da muka sani: akwai kuka, akwai rimi, akwai bado, wannan furen da ke kwanciya a kan kududdufi. Ba ta zubar da abin da ta koya a Turai ba, sai dai ta ɗora shi a kan rawar iyayenta. Na gida ne tuwo, na waje miya.

Kuma rawarta ba ta nishaɗi kawai ba ce. A 2004 ita da wani ɗan Japan, Kota Yamazaki, suka tsara wasa mai suna Fagaala a kan kisan ƙare dangin da aka yi a Ruwanda a 1994. Daga littafin Murambi na marubuci Boubacar Boris Diop ta samo tunanin. Ni marubuciya, wannan ya tsaya mini a rai: ashe abin da alƙalami ya faɗa, kafaɗa da gwiwa ma za su iya faɗarsa. Wasan ya ci kyautar Bessie a birnin New York a 2007, sannan a 2021 aka ba ta kyautar Zakin Zinare a Venice ta ƙasar Italiya.

Kada wata ta ce na ce ta ɗaura ɗamara ta hau dandamali a gaban maza. Allah ya kiyaye. Ni 'yar Madabo ce, unguwar malamai, na san iyakar da addini da tarbiyya suka gindaya mana, kuma ba duk abin da ake yi a waccan makaranta ne zai zauna a gidajenmu ba. Darasin kawai nake so mu ɗauka: matar nan ba ta raina nata ba.

Mu ma ai muna da namu. Dubi gaɗa: 'yan mata sun yi da'ira, ɗaya na bayarwa ana amshi da tafi, wata ta fito ta saki jiki ta faɗa da baya, ƙawaye su cafe ta su cilla. In ba ki yarda da su ba, ba za ki faɗa ba. Wannan ba tsari ba ne? Dubi kiɗan ƙwarya na amada, wanda marigayiya Barmani Choge ta riƙe har rasuwarta a 2013, mata zalla a cikin gida. Dubi 'yan Koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, yadda suke takawa bibbiyu, kacau-kacau ɗin ƙafarsu na tafiya daidai da kiɗa. Duk wani ne ya zauna ya tsara. Amma mun bar su, mun koma aron taku a finafinan wasu. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ranar kamun nan, bayan an rufe ƙofa mata zalla, Inna ta miƙe ta kira tsofaffin ƙawayenta biyu, suka jera mu suna koya mana tafi. Amarya ce ta fara faɗawa, muka cafe ta da kyar, gida ya kaure da shewa. Washegari na sayi sabon littafin rubutu, na zauna gaban Inna tana faɗa ina rubutawa: waƙa, tafi, da yadda ake tsayuwa.

'Yar uwa, in kina da kaka a raye, yau ki tambaye ta. Ranar da aka ɗauke ta, da gaɗarta za a tafi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.