Gida na tsallaken kogi, amma kewa na cin 'yan ci-rani a Guéné

Guéné na kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta bi ta Kandi zuwa Malanville, inda gada ta haɗa Benin da Gaya ta Nijar. Shekaru da dama direbobi, 'yan dako da masu fataucin shanu daga Dosso, Tawa da Maraɗi suna ci-rani a wannan yanki, hankalinsu kwance, don sun san gida kusa yake.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe gadar, manyan motoci suka yi dogon layi wata da watanni. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Mai son ganin iyalinsa sai ya shiga kwale-kwale, ya biya, kuma a lokacin da aikin ya ja baya. Da yawa suka gwammace su zauna, don kunyar komawa hannu rabbana.

Nan ne ciwon yake. Namiji a wajenmu ba ya cewa kaɗaici ya dame shi. Ka tambaye shi, sai ya ce "lafiya lau, sai godiya". Amma barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, ga saurin fushi. Waya ma ba ta cika rage zafin ba, domin rabin saƙon WhatsApp daga gida maganar kuɗin cefane ce ko ta magani. Wasu matasan kuma sai su faɗa wa tramol, wai don su ji ƙarfin aiki.

A rahotonta na Yunin 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 a duniya na fama da kaɗaici. Sai dai babban asibitin masu taɓin hankali na Jacquot yana can Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700, kuma sunan kaɗai ya isa ya kori mutum.

Abin da ke riƙe baƙo a nan tsohon tsari ne na zango: mai masauki, sahun masallaci, da fadar shayi bayan isha'i. Mai masaukin kirki kan lura in baƙonsa ya kwana biyu bai fito fada ba, ya ɗaga labulen ɗakinsa ya ce, "Malam, taso mu sha na biyu."