Isnadin Sauti a Gidajen Kallo

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a ɗaya daga cikin gidajen kallon ƙwallo na Karaye ko na Rogo, a daren da manyan ƙungiyoyin Ingila suke karawa, janareto yana ruri a bayan rumfa, samari sun cika wurin maƙil, ya san cewa hoton talabijin rabin sha'ani ne kawai, domin da zarar muryar mai sharhi ta dusashe, ko ƙugi ya danne ta, sai ƙorafi ya tashi ko da hoton ya fito tangaram. Abin da yake damuna shi ne, sau da yawa mai gidan yakan zuba dukiyarsa a kan manyan lasifikoki da amfilifaya, sa'an nan ya haɗa su da tsohuwar wayar da ya tsinta a ƙasan akwati.

Malaman hadisi sun karantar da mu cewa ingancin riwaya yana rataye ne da isnadinta, har mai rauni guda a cikin silsila ya isa ya raunana abin da aka ruwaito. Sauti ma silsila yake bi, daga dikoda zuwa talabijin, daga nan zuwa amfilifaya, kana ya isa kunne, kuma kowace waya a tsakani mai riwaya ce.

Wadda muka fi sabawa da ita ita ce mai kai ja da fari, wadda ake kira RCA da sunan kamfanin Amurka da ya ƙago ta: fari na hagu, ja na dama, rawaya kuwa ta hoto ce. Alfanunta arha da sauƙi, aibinta kuwa shi ne tana ɗauke da sautin a matsayin lantarki tsagwaronsa, saboda haka duk wata hayaniyar wuta da ta raɓe ta, tare da ita za ta isar. Na sha ganin yaron gidan kallo ya tsuguna a bayan talabijin da fitilar wayarsa a baki, yana murza kan wayar da ƙurar hunturu da tsatsa suka cinye, har ƙugin ya lafa, ya ɗaure wurin da salatif, alhali an kusa zuwa hutun rabin lokaci.

A shekarar 1983 kamfanin Toshiba na Japan ya fito da TOSLINK, wadda take aika sauti da ɗigon haske ja maimakon lantarki, don haka ƙugin wuta ba ya bin ta. Sai dai ba ta son lanƙwasa mai tsanani, kuma iyakar ƙarfinta hanyoyi shida na Dolby Digital ko DTS a matse. Bayan ta, a ƙarshen 2002, aka tsara HDMI, wadda ta haɗa hoto da sauti a waya ɗaya. A 2009 aka ƙara mata ARC, wato talabijin ya mayar da sauti ga amfilifaya ta wannan wayar, a 2017 kuma aka faɗaɗa shi zuwa eARC mai ɗaukar sautin da ba a rage masa komai ba. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin galibi kafa ɗaya tak a bayan talabijin take da wannan aiki, kuma an rubuta sunan a gefenta da ƙananan baƙaƙe.

Masu gidajen gem su suka fi shiga tsaka mai wuya. PlayStation 2 da 3 suna da kafar haske, amma Sony ta cire ta daga ƙaramar PlayStation 4 ta 2016, ita kuwa PlayStation 5 ta 2020 ba ta da ita sam, sai HDMI. Wanda ya riƙe tsohuwar amfilifayarsa, wajibi ne ya ɗauko sautin daga bayan talabijin, ko kuwa ya shiga Kano, kasuwar Sabon Gari ko titin Beirut, ya nemi ɗan akwatin da yake raba sauti da hoto. Ba na ba shi shawarar ya fake da Bluetooth, domin tana da jinkiri, har yaro ya buga ƙwallo ta faɗa raga kafin ƙarar bugun ta iso kunnensa.