Ruwan sama a ƙauyukan Jazira: me ya sa tanki ya zama dole?

Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, a bakin Shuɗin Nilu yake, a ƙasar Sudan. Duk da haka, a ƙauyukan Hausawa na Sinnar da Jazira famfo kan ƙafe, domin injin da ke tura ruwa sama yana aiki ne da wuta ko man dizal. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, dukansu biyu sun yi wuya.

Idan ruwa ya ɗauke, sai a koma ga mai amalanken jaki, ko a ɗebo daga magudanan gonakin Jazira. Nan ne haɗarin yake: ruwan magudana na ɗauke da tsargiya, kwalara kuma ta sake ɓulla a Sudan a 2024. Garin irin zogale ko alif na kwantar da laka, amma sai an tafasa ko an sa kulorin kafin yara su sha.

Mutanen ƙasar sun daɗe suna tara ruwan damina a hafir, wato babban tafkin da ake haƙawa. Tankin gida ya fi tsabta. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 20 na ruwa a kan rufin kwano mai murabba'in mita 50 na ba da kusan lita 1,000, duro biyar ke nan. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan a tara, a rufe bakin tankin ruf saboda sauro.